Silimar Cikin Mota a Amurka: Duhu, Batir da Gugguru

A silimar da ake kallo daga cikin mota, faɗuwar rana ce ke yanke lokacin fara fim. Sai ta faɗi, an ƙara minti 20 zuwa 30 duhu ya kankama, sannan mai majigi zai kunna na'urarsa. Shi ya sa jadawalin irin waɗannan wurare a Amurka yakan ce "da almuru" kawai, ko ya ba da lokacin da ke sauyawa mako-mako. A ƙarshen watan Yuni, a birni irin Detroit, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Fim na farko zai fara wajen tara da rabi, kuma al'adar wurin fim biyu ne a jere da tikiti ɗaya, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani. Wanda ya zauna har ƙarshe, tsakanin ɗaya da rabi da biyun dare zai kama hanyar gida. Iyalin da suka ɗebo ƙananan yara ba tare da wannan lissafi ba, sukan tarar cewa yaran sun ƙarar da ƙarfinsu a guje-guje tun da sauran haske, fim na farawa barci ya kwashe su. A ƙarshen Agusta da cikin Satumba rana tana faɗuwa da wuri, don haka mai ƙananan yara ya fi cin riba a ƙarshen kakar kallo.

Tsarin wurin bai sauya sosai ba tun 1933. Fili ne babba, da ƙaton farin allo a gefe ɗaya, da layukan ajiye motoci masu lanƙwasa suna fuskantarsa, da ƙaramin gini a tsakiya inda majigi da shagon abinci da banɗakuna suke. Richard Hollingshead ne ya fara shi a jihar New Jersey, kusa da Camden, ranar 6 ga Yuni, 1933. Kafin nan a harabar gidansa ya yi gwaji: ya ɗora majigin Kodak a kan murfin injin mota, ya kafa allo a jikin bishiyoyi, ya jejjera motoci yana auna yadda ta baya za ta hangi allo ba tare da ta gaba ta tare ta ba. Daga nan ya fito da dabarar da ya yi wa rajistar mallaka, wato ɗan tudu a kowane layi da tayoyin gaba ke hawa don gilashin mota ya ɗaga sama ya kalli allo. Ya karɓi senti 25 a kan mota da senti 25 a kan kowane mutum, kuma mota ɗaya ba ta biyan fiye da dala ɗaya ko mutum nawa ta ɗauko. Shi kansa bai samu wata riba ba, cikin 'yan shekaru ya rabu da wurin, kuma wajen 1950 kotu ta soke rajistar tasa. Amma wanda aka buɗe a Orefield ta jihar Pennsylvania a 1934, mai suna Shankweiler's, har yau yana aiki, kuma shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka rage.

Wanda ya san tsofaffin gidajen silima na Kano, da yawancinsu ba su da rufi, ya san kallon fim a ƙarƙashin sararin samaniya. Bambancin yana ga wanda ke zuwa. Waɗancan an ɗauke su wurin samari, magidanci ba ya kai iyalinsa. Silimar mota kuwa tun farko da iyali aka tallata ta, domin motar ta zama ɗaki na kanka a tsakiyar jama'a: jariri ya yi kukansa bai dami kowa ba, yara su zo da kayan barcinsu, tsoho da ba ya iya hawa matakala ya zauna inda yake. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da haihuwa ta yi yawa a Amurka, mutane suka koma sababbin unguwannin bayan gari, kowa da motarsa, sai harkar ta ci kasuwa. A 1958 wuraren sun haura 4,000. Yanzu wajen 300 suka rage.

Sauti ne ya fi ba masu wannan harka wahala tun asali, kuma har yau shi ne ke ɓata wa baƙo dare, sai dai ta wata hanya dabam. Hollingshead manyan lasifikoki ya kafa kusa da allo. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, haske kuwa nan take yake isowa, don haka wanda ke mita 150 daga allo sai ya ga baki ya motsa, kusan rabin daƙiƙa ta wuce, sannan maganar ta iso. Ga maƙwabta suna ƙorafin hayaniya. A 1941 kamfanin RCA ya fito da ƙaramar lasifika da ake ciro ta daga jikin turke a rataya a gilashin tagar mota, kuma bayan yaƙi ta game ko'ina. Ita ce ke cikin hotunan da ke sa dattawan Amurka tuna da, duk da cewa sautinta siriri ne, kuma direbobi sun sha mantawa su ja mota su tsinke wayarta. Yau kusan ko'ina ta rediyon FM ake aika sauti, da ƙaramar na'urar watsawa wadda zangonta bai wuce filin da kaɗan ba. Ana ba ka lambar tashar a ƙofa, ko a rubuta ta a allo kafin a fara. Turakun suna nan a wurare da yawa, amma aikinsu yanzu nuna iyakar wurin ajiye mota.

Wato dai sautin fim ɗin ya koma wuyan batirin motarka, na tsawon awa huɗu zuwa biyar, inji a kashe. Wutar da batirin ƙaramar mota ke riƙewa yawanci tsakanin amfiya-awa 45 ne da 70 (amfiya-awa ɗaya shi ne jan wutar amfiya ɗaya na tsawon awa ɗaya). Rediyon tsohuwar mota amfiya ɗaya ko biyu yake ja, ko ya kwana a kunne da wuya ya kashe lafiyayyen batir. Motar zamani ba haka take ba. Da ka kunna rediyonta ka tayar da allon gaba, da kwamfutocin ciki, da na'urar ƙara sauti, wani lokacin har da fitilun ado. A ƙaddara duka suna jan amfiya 5: a awa biyar an zuƙe amfiya-awa 25, kusan rabin batir mai 60. Batirin tayar da inji kuma an ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙu kaɗan, ba ya son a yi ta tsotsarsa a hankali. Idan ya shekara uku ko huɗu, abin da yake riƙewa bai kai abin da aka rubuta a jikinsa ba. A ƙara da cajin wayoyi biyu, da sauke gilashi da ɗaga shi, da waifa idan an yi yayyafi. Ƙarfe biyun dare a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas-ƙas.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne murɗa makulli ya wuce matakin farko. Matakin farko rediyo da ƙananan kaya kaɗai yake ba wuta. Na biyu, inda duk fitilun gaban direba ke kamawa, yana kunna fanka da sauran kayan da ke shirin tashin inji, kuma yana cin wuta ninki-ninki. A motar da ake tayarwa da maɓalli, dannawa ɗaya ba tare da taka burki ba ita ce matakin farko a yawancinsu, dannawa biyu ita ce na biyu. Motoci da yawa kuma suna kashe kansu bayan wasu mintuna don su kare batir, sai sauti ya ɗauke ana tsakiyar magana, a sake dannawa, fitilu su haska, na kusa su juyo. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, da masu lantarki zalla, suna da tasu matsalar: ƙaramin batirinsu ne ke ɗauke da rediyo, kuma babban ba ya ciyar da shi sai motar tana kunne sosai, a shirye don tafiya. Wanda ya bar ta a matakin rediyo kaɗai yana iya kashe ƙaramin, alhali babban cike yake.

Maganin duk wannan mai arha ne: ƙaramin rediyon hannu mai kama FM, da sababbin batura da na ajiya, a kashe mota ɗungurungum. Wasu wuraren suna ba da hayar rediyo, amma yakan ƙare a daren da aka cika. Waya ba ta maye gurbinsa, domin wayoyin yanzu da yawa ba su da FM, kuma tashar ba ta kan intanet, a cikin filin kaɗai take. Tura sautin zuwa lasifikar Bluetooth kuma yakan kawo ɗan jinkiri, sai a koma matsalar 1933 ta baki da magana su saɓa. Wanda ya nace sai rediyon mota, ya tayar da inji lokacin hutu na minti goma. Hakan ba ya cika batir, domin inji a tsaye caji kaɗan yake mayarwa, amma yana rage haɗarin. Kusan kowane wuri yana da na'urar jona batir da ma'aikaci ke zagayawa da ita bayan an tashi, sai dai layi ake bi.

Sai fitila. Doka ta farko a kowace silimar mota ita ce kashe fitilun gaba da zarar an fara, domin hasken mota ɗaya ya isa ya wanke hoton allo ga ɗaruruwan mutane. A da maɓalli ɗaya ne. Yanzu motoci da yawa suna da fitilun da ke kamawa da kansu duk lokacin da inji ya tashi. A wasu, idan ka ja burkin hannu kafin ka tayar, ba sa kamawa. A wasu sai an shiga saitin allon motar. Wasu kuma babu yadda za a yi sai dai a rufe su da kwali ko baƙin ƙyalle da salatif. Wannan abu ne da ake gwadawa a gida da daddare, mota na fuskantar bango, kafin ranar tafiya. Fitilar burki ma tana damun na baya, kuma duk mai tayar da mota da maɓalli dole ya taka burki. Masu jif da ke juya mota su buɗe ƙofar baya su zauna a ciki suna gamuwa da fitilar ciki da ta ƙi mutuwa muddin ƙofa a buɗe take. Dabarar da aka saba ita ce a tura harshen makullin ƙofar da sukudireba har ya kama, motar ta ɗauka an rufe. Amma kafin a rufe da gaske sai an danna maɓallin buɗewa ya saki, in ba haka ba a buga ƙarfe a kan ƙarfe a lalata makullin. Yawancin wurare kuma ba sa yarda ƙofar baya ta ɗaga ta wuce rufin mota, saboda tana tare wa na baya allo, don haka a zo da igiya a ɗaure ta daidai rufin.

Ana buɗe ƙofar fili awa ɗaya zuwa biyu kafin fim, kuma a daren Juma'a da Asabar, in sabon fim ne, zuwa da wuri ne kawai ke ba da zaɓi. Ana tafiya a hankali, kamar kilomita 8 a awa, domin yara na ratsawa tsakanin motoci. Ƙa'ida mota biyu ce tsakanin turke da turke. Mai cinye wurin biyu za a tashe shi. Dogayen motoci, jif da a-kori-kura, layin baya ko gefe ake tura su, wasu wuraren ma launin turke ne ke nuna inda kowace iri za ta tsaya. Layin gaba yana ruɗar baƙo. Allon yana da tsawo, rufin mota yana yanke samansa, wuya kuma yana gajiya. Amfaninsa ɗaya shi ne kusanci da filin ciyawar da yara ke wasa a gindin allo. Tsakiya, daura da ginin majigi ko gabansa kaɗan, nan ne hoto ya fi zama daidai, amma wanda ya manne wa ginin zai sha zirga-zirgar masu zuwa banɗaki. Idan an hau tudun, a matsa gaba kaɗan, a dawo baya kaɗan, har allo ya zauna cikin gilashi, kuma a tambayi na kujerar baya kafin a kashe inji, domin abin da direba ke gani dabam yake da abin da yaro ke gani ta tsakanin kujeru. Shi ya sa iyalai da yawa ke fitowa da kujerun ninkewa ko tabarma su zauna a gaban motarsu, cikin iyakar wurinsu.

Gaskiyar da masu tallar "daren tuna da" ba sa faɗa ita ce hoton bai kai na silimar cikin gini ba, kuma ta wajen haske talabijin ɗin falo ma ta fi shi. Allon silimar motar Bengies da ke kusa da Baltimore, wadda aka buɗe a 1956, ƙafa 52 ne a tsaye da 120 a kwance. Fitila ɗaya ce za ta cika wannan faɗin daga nesa, ta ratsa ƙura da raɓa, tana kokawa da hasken gari da na wata. Mai Bengies har kotu ya taɓa kai wani shagon maƙwabta a kan fitilunsa. Saboda haka fim mai launi mai haske, irin na zane da ake yi wa yara, yana fitowa ras, amma fim da rabinsa a duhu aka ɗauka sai ya zama dishi-dishi, musamman a minti 20 na farko da sama ba ta gama rufewa ba. Abin da ke hannun mai kallo shi ne gilashinsa. A wanke shi ciki da waje, domin dattin ciki da ba a gani da rana shi ke baza haske da dare. Idan an rufe tagogi duka, numfashin mutum huɗu ko biyar zai sa gilashi ya yi gumi cikin ɗan lokaci. A bar tagogi biyu a ɗan buɗe. A ganina wanda hoto ya kawo shi ya yi ɓatan kai. Abin da ake saye a nan sarari ne da sakewa, yaro ya tashi ya zauna, a yi hira a tsakiyar fim ba wanda zai ce a yi shiru.

Dalilan da suka rage su daga 4,000 ba ɓoyayyu ba ne. Dokar 1966 da ta daidaita tura agogo gaba da awa ɗaya a lokacin zafi ta ƙara jinkirta fara fim. Tsadar mai ta 1973 ta kawo ƙananan motoci da ba su da daɗin zama. Bidiyo da tashoshin kebul sun kai fim cikin gida, gidajen silima masu ɗakuna da yawa sun cika manyan kantuna. Wasu wuraren, don su rayu, suka koma nuna finafinan banza, suka ƙara korar iyalai. Mafi ƙarfi duka shi ne ƙasa. Filin da aka saya da arha a bayan gari a shekarun 1950, gari ya zo ya kewaye shi, kuma kadada da dama da ke aiki da dare kawai, rabin shekara kawai a jihohin arewa, ba za su iya gasa da kuɗin mai gina kanti ko gidaje ba. Wajen 2013 kuma kamfanonin fim suka kama hanyar daina rarraba faifan milimita 35, ya zama dole kowane allo ya sayi majigin dijital na wajen dala 70,000. Kamfanin Honda ya raba wa wasu kyauta a wannan shekara, wasu jama'ar gari suka yi musu karo-karo, wasu suka rufe. Annobar korona ta 2020 ta ɗan dawo da su bakin mutane, har Walmart ya mayar da filin ajiye motoci na shagunansa 160 wurin kallo na ɗan lokaci, amma ba ta taɓa farashin ƙasa ba.

Wannan lissafin ne ya bayyana dokar abinci, wadda ke ba baƙi mamaki. A sabon fim, rabin kuɗin tikiti ko fiye na kamfanin fim ne. Abin da ke biyan ma'aikata da wuta da haraji shi ne gugguru da lemo da soyayyen dankali. Don haka wasu wuraren sun hana shigowa da abinci, wasu suna sayar da takardar izini a kan kowace mota, wasu sun bari amma suna roƙo a allo a leƙa shagonsu. Ga iyalin Musulmi da ke zaune a can, wannan batu ne na tambaya tun daga gida. Tsiren burodin da suka fi sayarwa da yankakken naman kan fiza sau da yawa na alade ne ko gauraye, wasu alawoyin roba kuma da sinadarin da ake samu daga alade ake yin su. Hanya mai sauƙi ita ce a biya kuɗin izini a zo da abincin gida, a sayi gugguru da abin sha a wurinsu. Layin shago ya fi tsawo a minti 15 kafin fim da lokacin hutu. Mai son hutawa ya je tun ana buɗe ƙofa. Sallah kuwa tsarin wurin ya zo daidai da ita: Magariba tana shiga da faɗuwar rana, akwai wannan tazarar ta minti 20 zuwa 30 kafin a kunna majigi, Isha kuma a lokacin hutu ko a gida. Sai dai ƙasan yawanci tsakuwa ce ko kwalta, darduma mai kauri ta fi, kuma a yi alwala tun kafin banɗaki ya cika.

A duba matakin kowane fim cikin biyun, wato alamar da ke nuna shekarun da ya dace da su. Tsarin Amurka yana da G da PG da PG-13 da R, daga G na kowa da kowa zuwa R na manya, kuma an saba sa mai sauƙin a farko, na biyu ya fi shi nauyi, bisa zaton yara sun yi barci. Ba kullum suke yi ba. A wurare masu allo da yawa, irin Ford-Wyoming da ke Dearborn a jihar Michigan, yaro na iya waiwayawa ya hangi abin da ake nunawa a wani allon ko da ba ya jin sautinsa, don haka inda aka ajiye mota yana da muhimmanci ta nan ma.

Dare a buɗaɗɗen fili yana yin sanyi ko da an wuni ana zafi, raɓa tana jiƙa kujera da bargo, sauro kuma yana fitowa daidai lokacin da fim ke farawa. Tun zamanin da ake tallar maganin sauro irin igiyar leƙo a allon waɗannan wurare. A kunna shi a waje, a ƙasa, nesa da busasshiyar ciyawa, ba a cikin mota ba. Haɗarin da ya wuce na sauro shi ne barin inji a kunne don na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama shi. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. Idan ƙofar baya a buɗe take, yara na kwance a ciki, bakin salansa na ƙarƙashinsu kai tsaye. Haka ma iyalin da suka shimfiɗa tabarma a bayan motarka. Shi ya sa wurare da yawa suka hana barin inji yana aiki ana cikin fim. Ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya ga wanda ke cikin motar da injinta ke kunne, dalili ne na kashe shi nan take a fito da kowa iska.

A jihohin arewa, irin su New York da Pennsylvania da Ohio inda suka fi yawa, galibi daga Afrilu ko Mayu zuwa Satumba ko Oktoba ake buɗewa, a farko da ƙarshen kaka ma ƙarshen mako kaɗai. A Florida da Texas da California ana samun masu aiki duk shekara. Yawancinsu ba sa fasa nuna fim saboda ruwan sama, kuma ba sa mayar da kuɗi saboda shi. Hazo mai kauri ko iska mai ƙarfi ko ɗaukewar wuta ne ke tsayar da su. Wasu a kan kowane kai suke karɓa, wasu a kan mota, wasu har yanzu tsabar kuɗi kawai suke amsa a ƙofa. Mai niyyar tafiya bayan fim na farko ya ajiye mota kusa da ƙarshen layi, ya fita lokacin hutu da ƙananan fitilu, sai ya kai ƙofa sannan ya kunna manyan.